Kainuwar ruwan Legas: daga ina ta zo, kuma me take ci?

Duk wanda ke hawa jirgin ruwa daga Ikorodu zuwa cikin Legas ya san halin da ake shiga a ƙarshen damina. Ganye kore shar ya rufe bakin ruwa, injin jirgi yana shaƙewa, tafiyar rabin awa ta koma ta wuni. Mu dai kainuwa muke ce mata, duk da cewa ba ita ce kainuwar da na sani a kududdufan Keffi ba. Ta gida ƙarama ce, ganyenta a buɗe kamar latas. Wannan kuwa tana da kumburarren kara da fure mai ruwan shuni, kuma asalinta daga yankin kogin Amazon ne a Kudancin Amurka. A Nijeriya an fara ganinta a 1984 a ruwan Badagry, inda ta shigo ta ɓangaren Jamhuriyar Benin.

Kafin a gane ta, sai an gane ruwan da take zaune a kai. Ruwan nan da gadar Third Mainland ta ratsa, wanda ake kira lagun, ba teku ba ne, ba kuma kogi ba ne. Mahaɗa ce. Daga arewa koguna irin su Ogun suna zuba ruwan daɗi, daga kudu kuma teku na turo ruwan gishiri ta mashigar tashar jiragen ruwa ta Legas. Sau biyu a kowace rana teku na cika ta janye. Da rani koguna sun yi ƙasa, gishiri ya haura ciki sosai. Da damina kuwa ruwan kogi ya fi ƙarfi, ya kore gishirin. Lita ɗaya ta ruwan teku na ɗauke da gishiri kusan giram 35, kuma kainuwa ba ta jure ko kusa da haka. Shi ya sa take bayyana bayan ruwan sama ya wanke lagun, sannan in rani ya kama ta ƙone ta nutse. Hukumar LASWA mai kula da hanyoyin ruwa na jihar tana kwashe ta da injina, amma gishirin rani ya fi kowane inji aiki.

To, me take ci har take yaɗuwa haka? Abin da masara ke ci. Wanda ya taɓa sayen buhun NPK ya san haruffan nan: N da P, wato naitirojin da fosfaros, su ne abincin tsiro a tudu da cikin ruwa. Kashin shanu, jinin mayanka, bayan gida, ruwan wanki, ruɓaɓɓen tumatir na kasuwa, da takin gona da ruwan sama ya wanko, duk suna ɗauke da su. In sun wadata, kainuwa na iya ninka kanta cikin mako biyu kacal. Ana yi mata kirari da dashen Allah, amma gaskiya ban-ruwa da takin, mu ne muke yi.

A nan maganar ta zo gida. Kasuwar Kara da ke kusa da Berger a bakin kogin Ogun take, kuma kowa ya san mu ne muka fi yawa a harkar shanu. A watan Yunin 2016 kainuwa ta toshe kogin a wajen gadar Kara har mutane suka riƙa takawa a kai kamar tudu, wasu na cewa abin al'ajabi ne. Ba na cewa mayanka kaɗai ce ta jawo. Kogin ya ɗebo dattin garuruwa da gonaki tun daga jihar Oyo, ya bi ta Abeokuta. Amma duk abin da aka wanke a bakin wannan kogi, lagun zai je.

Babbar ɓarnar ma ba a ido take ba. Idan kainuwa ta mutu ta nutse, ƙwayoyin halitta ne ke ruɓar da ita, kuma a wannan aiki suna shanye iskar oksijin da kifi ke shaƙa a cikin ruwa. Tabarmar ganyen da ke sama ta riga ta tare hasken rana. Sai ƙasan ruwa ya zama baƙin taɓo mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, kifin da ya iya gudu ya gudu, wanda bai iya ba ya taso da ciki sama. Abincin tsiron kuma bai tafi ko'ina ba, yana kwance cikin taɓon, yana jiran wata damina.

Allah Ya yi wa irin wannan ruwa matatarsa. Fadamun bakin ruwa da teku ke rufewa ta buɗe, da itatuwan mangoro na ruwan gishiri masu saiwa a waje (ba mangwaron ci ba), suna riƙe laka, kuma ƙwayoyin halittar cikin taɓonsu na mayar da wani kaso na naitirojin iska ya tashi. A nan ne ƙananan kifi da jatan lande ke girma. Waɗannan fadamu ne ake cikewa da yashi ana gina gidaje a ɓangaren Lekki. 'Yan uwa na Fatakwal da Warri, ku ma kuna da naku: ruwan da ya wanke gonakin Keffi yana gangarawa Binuwai, ya haɗu da Neja a Lokoja, ya ƙare a fadamun yankinku.

Abu biyu nake gaya wa masu tambayata. Kaguwa, dodon koɗi da sauran masu ɓawo da aka kamo kusa da magudanar gari, a dafa su sosai, domin suna tara abin da ke cikin ruwan. Na biyu na mahauta ne. A Keffi kashin shanu kuɗi ne, manomi zai biya a kai masa gona. Jinin mayanka kuma in an dafa aka shanya, masu haɗa abincin kaji suna saye. Masu lambu a gefen Legas na neman takin nan da muke turawa kogi da bokiti.