Alƙaluman Wat da Ingancin Juya Wuta a Fawa Saflai na Kwamfutar Tebur: Nazari a Kan Abin da Lakabi Yake Faɗa

Tsakure

Wannan maƙala ta duba ma'anar adadin wat da ake rubutawa a jikin fawa saflai, wato akwatin da ke juya wutar gida zuwa wutar da kayan cikin kwamfuta suke ci. An yi amfani da ƙa'idojin ATX da ma'aunin 80 PLUS, tare da lissafi mai sauƙi. Nazarin ya nuna cewa babban adadin da ke kan kwali ba ya isa a yanke hukunci; layin bolt 12, da nauyin aikin da aka ɗora, da zafin wuri, su ne ke tantance gaskiyar ƙarfinsa.

1.0 Gabatarwa

Kamfanin Intel ne ya fitar da tsarin ATX a 1995. Fawa saflai na wannan tsari yana fitar da wuta ta layuka dabam-dabam: bolt 3.3, da 5, da 12, da wani ƙaramin layi na bolt 5 da ke aiki ko da kwamfuta a kashe take. Idan aka rubuta wat 500, ana nufin iyakar abin da akwatin zai iya bayarwa ke nan, ba abin da yake ja daga soket kullum ba. Masu saye da yawa suna cakuɗa waɗannan biyun.

2.0 Layin Bolt 12

A kwamfutar zamani, firosesa da katin hoto duk daga layin bolt 12 suke sha. Shi ya sa ƙaramin jadawalin da ke manne a gefen akwatin ya fi babban rubutun kwali muhimmanci. A ninka bolt da amfiya: amfiya 40 a layin bolt 12 wat 480 ke nan. Wani akwatin kuma yana ɗauke da lakabin wat 500, amma layinsa na 12 amfiya 25 kacal, wato wat 300. Ragowar an cike su ne da layukan 3.3 da 5 waɗanda yau ba a cika nemansu ba. A ganin wannan nazari, irin wannan lakabi yaudara ce, ko da lissafinsa ya fito daidai a takarda.

Akwai kuma zuƙar wuta ta ƙiftawar ido da manyan katunan hoto suke yi. Tsarin ATX 3.0 na 2022 ya wajabta wa manyan akwatuna jure ninki biyu na ƙarfinsu na tsawon mikirosakan 100.

3.0 Inganci da Ma'aunin 80 PLUS

An fara shirin 80 PLUS a 2004. Sharaɗinsa na farko shi ne ingancin kashi 80 cikin 100 a lodin kashi 20, da 50, da 100. A gwajin bolt 115, matakin Bronze yana buƙatar 82, 85, 82. Gold kuwa 87, 90, 87. Kwamfuta mai cin wat 300 za ta ja kusan wat 366 a ingancin kashi 82, da wat 333 a kashi 90. Bambancin wat 33 zafi yake zama a cikin akwati, kuma a awa 8 kullum ya kai wajen yunit 96 a shekara.

Abin lura shi ne inganci ya fi kyau a tsakiyar lodi. Kwamfutar ofis mai cin wat 60 da aka sa mata akwatin wat 850 tana aiki ne a kashi 7, inda ko matakin Titanium, da ke gwada kashi 10, bai kai ba.

4.0 Zafi da Na'urar UPS

Ana yin gwajin 80 PLUS a ɗaki mai zafin digiri 23 ko kusa da haka. Shagon buga takardu a Kano ko Maraɗi a watan Afrilu, da fankar akwati ta toshe da ƙurar hunturu, ya yi nisa da wannan yanayi, kuma ƙarfin akwati yana raguwa idan zafi ya wuce wanda aka ƙera shi a kai. Wutarmu ta bolt 230 tana ɗan ƙara inganci, amma masu dogaro da UPS, wato batirin ajiyar wuta, su sani cewa VA da ake rubutawa a jikinsa ba wat ba ne: UPS mai VA 650 galibi bai kai wat 400 ba, don haka da abin da kwamfuta take ja daga soket za a auna shi, a haɗa da na allo.