LS_COLORS

LS_COLORS wani saiti ne a Linux da ke tantance launin da kowane irin fayil zai fito da shi a tagar rubuta umarni, idan aka yi amfani da umarnin ls na GNU coreutils. Launukan suna taimaka wa mai aiki ya bambanta folda da fayil tun kafin ya buɗe ko ya goge wani abu.

Tsari

Kowane rukuni yana da gajeren suna: di na folda, ln na mahaɗa, ex na fayil mai gudana kamar manhaja. Lambobin launi na tsarin ANSI ne: 31 ja, 32 kore, 33 rawaya, 34 shuɗi, 01 kuwa yana kaurara rubutu. Misali, di=01;34 na nufin folda ta fito da shuɗi mai kauri. Ana raba rukunai da alamar ɗigo biyu (:).

Sauya launi

Shuɗi a kan baƙin allo yana da wuyar karantawa, shi ya sa mutane da dama suke sauya shi. Umarnin dircolors -p > ~/.dircolors yana ajiye saitin asali a fayil, sai a gyara lambobin. Don sauyin ya ɗore, ana saka eval "$(dircolors -b ~/.dircolors)" a cikin .bashrc. Launin yana bayyana ne da ls --color=auto.

A macOS da FreeBSD, ana amfani da LSCOLORS da ls -G, kuma haruffa ne suke wakiltar launuka maimakon lambobi.