Yaƙin Amurka a Biyetnam da Abin da Ya Bari

A watan Maris na 1965 ne dakarun Amurka suka sauka a Da Nang, wai don hana kwaminisanci yaɗuwa. Kafin ƙarshen 1968 yawansu ya haura 500,000. Mun karanta yarjejeniyar Faris ta 1973 da faɗuwar Saigon a 1975, har muka ɗauka ƙura ta lafa. Ina! Amurkawa fiye da 58,000 suka halaka, aka sassaƙa sunayensu a bango a Washinton. 'Yan Biyetnam kuwa lissafinsu sai da miliyoyi. Gubar da jirage suka fesa don kakkaɓe ganyen dazuzzuka ta shiga ƙasa da jinin mutane. A maƙwabciyarta Lawos, har yau manomi kan kai fartanya ya tono bam.