Tsofaffin takalman maza na fata

Tsofaffin takalman maza na fata takalma ne sau-ciki, irin waɗanda ake sawa da kwat ko kayan ofis, waɗanda aka ƙera shekaru masu yawa da suka wuce amma har yanzu ake saye, ake tarawa, ake kuma sawa. A kasuwar tsofaffin kaya galibi ana sa takalmi a wannan rukuni ne idan ya haura shekara 20 da ƙerawa. Masu tara su sun fi neman waɗanda masana'antun Ingila da Amurka suka yi a tsakiyar ƙarni na 20. Abin da ke ba irin wannan takalmi tsawon rai shi ne yadda aka haɗa shi: ana iya cire tafinsa idan ya cinye a sa masa sabo, amma fatar sama ba ta sauyuwa. Don haka darajar tsohon takalmi da yawancin kulawar da ake ba shi sun rataya ne a kan lafiyar fatar sama.

Tarihi

Kafin tsakiyar ƙarni na 19 da hannu ake ɗinka takalma. A shekarar 1858 Ba'amurke Lyman Reed Blake ya yi rajistar wani keken ɗinki da ke haɗa tafin takalmi da samansa. A shekarar 1869 kuma Charles Goodyear ƙarami, ɗan mutumin da ya gano hanyar ƙarfafa roba, ya fito da injin da ke yin ɗinkin da ake kira da sunansa har yau. Daga baya Jan Ernst Matzeliger, haifaffen ƙasar Suriname, ya yi rajistar injin da ke ja fatar sama ya ɗaure ta a jikin ƙirar ƙafa a shekarar 1883. Waɗannan injuna uku ne suka sa aka iya yin takalma masu ƙarko da yawa a masana'anta, a farashin da ma'aikaci zai iya saye.

A Ingila cibiyar wannan sana'a ita ce Northampton da garuruwan da ke kewaye da ita. Yankin yana da kasuwar shanu, da bishiyoyin da ake jima da ɓawonsu, da ruwan kogin Nene, kuma tun ƙarni na 17 yake yi wa sojoji takalma. Daga cikin kamfanonin yankin akwai Tricker's da aka kafa a 1829, Grenson a 1866, Church's a 1873, Crockett & Jones a 1879, Loake a 1880, Cheaney a 1886, da Edward Green a 1890. A birnin Landan kuma John Lobb ya buɗe shagonsa a 1866.

A Amurka an yi kamfanoni irin su Nettleton a 1879, Alden a 1884, Florsheim a birnin Chicago a 1892, da Allen Edmonds a jihar Wisconsin a 1922. Daga shekarun 1970 zuwa sama, takalma masu araha da ake shigowa da su daga waje suka mamaye kasuwa. Masana'antu da dama suka rufe, wasu kuma suka mayar da aikinsu ƙasashen waje. Kamfanin Florsheim ya durƙushe a 2002, wani kamfani ya sayi sunansa. A Ingila ma kamfanin Prada na Italiya ya sayi Church's a 1999. Wannan ne ya sa masu tarawa ke bambanta takalman da kamfani ya yi kafin irin wannan sauyi da waɗanda ya yi bayansa, ko da kuwa suna ɗaya ne a jikinsu.

Yadda ake haɗa takalmin

Akwai manyan hanyoyi uku na haɗa tafin takalmi da samansa.

Ta farko ita ce ɗinkin Goodyear. Ana ɗinka wata siririyar ɗamarar fata ta zagaye gefen takalmin, ta haɗa fatar sama da shimfiɗar ciki. Sai a cike ramin da ke tsakiya da garin ɓawon bishiya mai laushi, a sa wani ɗan ƙarfe ko katako da ke tallafe tsakiyar ƙafa, sannan a ɗinka tafin a jikin ɗamarar. Tunda ɗinkin tafin bai taɓa fatar sama ba, mai gyara zai iya farke shi ya sa sabon tafi sau da dama ba tare da ya huda saman takalmin ba.

Ta biyu ita ce ɗinkin Blake, wanda aka fi sani da takalman Italiya. A nan zare ɗaya ne ke ratsa tafi da fatar sama da shimfiɗar ciki gaba ɗaya, kuma ana ganin layin ɗinkin idan aka leƙa cikin takalmin. Irin wannan takalmi ya fi sauƙin nauyi da lanƙwasuwa, amma ruwa ya fi saurin shigarsa, kuma gyaransa na buƙatar keke na musamman.

Ta uku ita ce liƙawa da gam. Ita ce mafi araha, kuma ita ce aka fi amfani da ita a yau. Irin waɗannan takalma ba su cika daɗewa ba, shi ya sa masu tarawa ba su damu da su sosai ba. Wasu masana'antu kan yi zanen ɗinki na ƙarya a gefen takalmin da aka liƙa domin ya yi kama da ɗinkakke.

Nau'o'i

Oxford: shi ne wanda ɓangarorin da igiya ke ratsawa suke a ɗinke daga ƙasa, bakinsu a rufe. Baƙinsa shi ne mafi dacewa da taron girmamawa.

Derby: ɓangarorin igiyarsa a buɗe suke, an ɗora su a kan gaban takalmin. Ya fi yi wa mai tudun ƙafa daɗi.

Brogue: sunan ado ne na ƙananan huji da ake jerawa a gefen fata, ana kuma yin sa a kan Oxford ko Derby. Kalmar ta samo asali ne daga sunan takalmi a harshen mutanen Ayalan da Sikotilan.

Monk: ba shi da igiya, da maɗauri da ƙarfe irin na bel ake ɗaure shi.

Loafer: ba igiya ba maɗauri, zura ƙafa kawai ake yi. Kamfanin G.H. Bass ya fito da nasa mai suna Weejuns a 1936, Gucci kuma ya fito da mai ƙarfen linzami a 1953.

Fata

Yawancin saman waɗannan takalma fatar maraƙi ce da aka jeme da sinadarin kuromiyom, hanyar da ta yaɗu tun ƙarshen ƙarni na 19. Tafin kuwa fatar sa ce mai kauri da aka jeme da ɓawon bishiya, aikin da kan ɗauki fiye da shekara guda a wasu majemu.

Fatar da masu tarawa suka fi daraja ita ce kodoban, wadda ake cirowa daga wani sashe na cikin fatar ɗuwawun doki. Sunanta ya fito ne daga birnin Kordoba na Sifaniya. Majemar Horween da ke Chicago, wadda aka kafa a 1905, ita ce ta fi shahara da yin ta, kuma aikin yana ɗaukar aƙalla wata 6. Ana gane kodoban ta wurin lanƙwasa: maimakon ƙananan tamoji, sai ta yi tudu da kwari masu santsi.

Akwai kuma fatar da aka kankare fuskarta aka shafe ta da wani abu mai kama da roba don ɓoye tabo. Tana ƙyalli sosai tun tana sabuwa, amma ba ta shan mai, kuma idan ta tsufa shafen yakan tsage ya ɓare.

Tarawa da gane shekarun takalmi

Ana samun tsofaffin takalma a shagunan kayan hannu, da wuraren gwanjon kayan gado, da shafukan ciniki na intanet irin su eBay. Mafi tsada su ne waɗanda ba a taɓa sawa ba, suka zauna a ma'ajiyar shago har kamfanin ya daina yin irinsu. Ɗaya daga cikin waɗanda aka fi nema shi ne Florsheim Imperial mai lamba 93602, takalmi mai nauyi mai tafi biyu, wanda aka jera wa ƙusoshi a dunduniya tare da wani ɗan ƙarfe mai siffar harafin V. Wannan dunduniya tana da ƙarko amma tana da santsi a kan daɓe mai sulɓi.

Masu tarawa na gane shekarun takalmi ta hanyoyi kamar haka:

Tambarin kamfani: kamfanoni kan sauya salon rubutun sunansu lokaci zuwa lokaci, don haka tambarin da ke cikin takalmi yana nuna zamaninsa.

Lambobin ciki: a jikin shafin ciki ake rubuta girma, faɗi, da lambar samfuri. Florsheim ya yi amfani da haruffa biyu, na farko yana nuna wata, na biyu yana nuna lambar ƙarshe ta shekara. Wannan ba ya faɗin ko wane goma na shekaru ne, sai an haɗa da tambari.

Alamar hukuma: takalman Birtaniya masu alamar CC41 an yi su ne a ƙarƙashin tsarin tsimin kaya na lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, wanda ya fara a 1941 ya ƙare a 1952. Haka kuma takalmin da aka rubuta masa cewa an yi shi a Jamus ta Yamma ya riga haɗewar Jamus a 1990.

Ban da ɗaiɗaikun mutane, akwai gidajen tarihi da ke adana takalma, kamar gidan tarihi na Northampton da gidan tarihin takalma na Bata da aka buɗe a birnin Toronto na Kanada a 1995.

Abubuwan da ake dubawa kafin saye

Abu na farko shi ne fatar sama, musamman wurin da take lanƙwasa a bayan yatsu. Tamoji ba aibi ba ne, amma tsagewa aibi ce da ba ta gyaruwa. Fatar da ta daɗe a bushe zarenta na ciki kan mutu, ta yi tauri kamar kwali, kuma ko an shafa mata mai ba ta komawa yadda take. Wannan na iya samun har takalmin da ba a taɓa sawa ba, shi ya sa wani lokaci sabo fil zai tsage a rana ta farko.

Na biyu shi ne shimfiɗar ciki. Ita ce ginshiƙin takalmin, kuma idan ta tsage ko ta murƙushe gyaran yana da wuya da tsada. Ita ce kuma ke ɗaukar sawun ƙafar mai takalmin na farko. Idan sawun ya yi zurfi, takalmin ba zai zauna daidai a ƙafar wani ba.

Cinyewar tafi ko dunduniya ƙaramar matsala ce, domin ana sauya su. Sai dai tafin da aka yi da robar foliyuretan yakan ruɓe ya farfashe idan ya daɗe a ajiye.

Sawa

Lambar girman takalmi ta bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa. A Birtaniya da Amurka tazarar lamba ɗaya zuwa ta gaba kashi ɗaya cikin uku ne na inci, a sauran ƙasashen Turai kuma kashi biyu cikin uku na santimita. Lambar maza ta Amurka takan ɗara ta Birtaniya da rabi zuwa ɗaya. Tsofaffin takalman Amurka suna da haruffan faɗi daga A, siriri, zuwa E, mai faɗi, kuma D ne matsakaici. Da yawa daga cikin waɗanda suka rage a kasuwa sirara ne. Fata na iya buɗewa kaɗan ta faɗi, amma ba ta ƙara tsawo.

Ana son a shafa wa tsohon takalmi man tausasa fata a bar shi ya sha na kwana ɗaya ko biyu kafin a fara sa shi, sannan a fara da gajeren lokaci. Ana amfani da cokalin takalmi wajen sawa don kada bayansa ya karye. Ba a kuma sa takalmi ɗaya kwana biyu a jere, domin fata na buƙatar aƙalla yini guda ta fitar da gumin da ta sha.

Kulawa

Bayan an cire takalmi, ana goge ƙura da buroshin gashin doki, sannan a sa masa ƙafar katako a ciki. Wannan katako, wanda galibi na itacen sida ne, yana miƙar da tamoji yana kuma riƙe siffar takalmin. Man takalmi iri biyu ne: mai laushi wanda ke shiga fata ya dawo da launi, da mai kaki irin Kiwi, wanda aka fara yi a Ostareliya a 1906, mai ba da ƙyalli. Ana sa mai kaki ne a hanci da dunduniya, domin idan ya taru a wurin lanƙwasa yakan tsattsage. Tsohon takalmi kan zo da tarin tsohon mai wanda sai an cire shi kafin fatar ta sha sabo. Kodoban ba ta buƙatar mai da yawa, yawan gogewa da buroshi ya fi yi mata amfani.

Idan ruwa ya jiƙa takalmi, ana cusa masa takarda a bar shi ya bushe a inuwa. Rana mai zafi ko wuta na ƙona fata ta tsage. Ana ajiye takalma a jakar yadi a wuri mai iska, ba a cikin leda ba.

A ƙasar Hausa

Tsofaffin takalman Turai na shigowa Afirka ta Yamma a cikin dilolin gwanjo, inda sukan gauraya da takalma na yau da kullum, kuma farashinsu ya fi bin kyan gani fiye da irin ɗinkinsu. Yanayin yankin yana da illa biyu ga fata. Iskar hunturu na busar da ita, don haka tana buƙatar man tausasawa fiye da yadda ake yi a Turai. Da damina kuma danshi na kawo fumfuna, wadda ake gogewa da tsumma da ruwan khal da aka sirka da ruwa, sannan a shanya a inuwa. Masu shushaina da masu gyaran takalma ne ke yin yawancin aikin kulawar. Wajen sauya tafi, idan mai gyara ya yanke ɗamarar ko ya ratsa fatar sama da basilla, takalmin ya rasa abin da ke sa a iya sake gyara shi.