Kiɗan fada a ƙasar Tasawa: tarihin da ba a rubuta ba

Bayan da mayaƙan jihadi suka ci Katsina a 1807, zuriyar sarakunan Haɓe ta ƙaura arewa, ta riƙe sarauta a Maraɗi da Tasawa, maƙwabtan Gobirawa. Ba dawaki kaɗai suka tafi da su ba, har da tambura da kakaki da algaita, da makaɗan da suka haddace jerin sunayen sarakuna.

Kiɗan fada iri biyu ne. Na hawa, a fili ake yin sa ranar salla. Na zaure kuwa, makaɗi ne da ƴan amshi kaɗan, da taushi ko kotso, a gaban sarki da fadawa, kowa ya yi tsit yana auna kalma. A wannan layi Ibrahim Narambaɗa ya yi fice a fadar Isa.

Turai ma haka abin ya faro. Haydn ya yi kusan shekara 30 yana wa gidan sarautar Esterházy kiɗa. Bambancin shi ne an rubuta nasa a takarda, shi ya sa har gobe mutum huɗu ke zama su kaɗa shi. Namu a ka yake. Makaɗi ya rasu ba magaji, waƙa ta bi shi.

Gasar Ɗan Gurmu da aka soma a 1987 ta taimaka, amma gasa ba ta renon magaji. Malamai, ku gayyato tsohon makaɗi aji ranar darasin tarihi. Iyaye, ku naɗi muryarsa a waya tun yana raye.