Daga ambulan zuwa wayar hannu

Duk wanda ya taɓa riƙe takardar naira goma ya ga fuskar Alvan Ikoku, amma ba kowa ya san cewa digirin falsafa na Jami'ar Landan da ya samu a 1928 daga nan gida ya yi karatunsa ba. Tun 1858 jami'ar ta amince mutum ya zauna jarrabawarta ko da bai taɓa taka harabarta ba. Darasi yakan taho cikin ambulan ta jirgin ruwa, ɗalibi ya amsa tambayoyi ya mayar, sannan ya zuba ido makonni yana jiran jan biron malami. Idan jimla ta shige masa duhu, haka zai yi ta kwana da ita har wasiƙa ta dawo.

Wannan jiran ne kowace sabuwar na'ura ta zo tana gutsura. A 1969 Birtaniya ta kafa jami'ar karatu daga gida, kuma daga 1971 BBC ta riƙa watsa laccocinta ta rediyo da talabijin. Ɗalibi ya fara jin muryar malaminsa, sai dai ba halin ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, ban gane ba."

Nijeriya ta kwaikwayi tsarin a 1983, lokacin Shugaba Shehu Shagari, amma sojoji suka dakatar da jami'ar a 1984, tun ba ta tsaya da ƙafafunta ba. Ta kusa shekara ashirin a kwance kafin gwamnatin Obasanjo ta farfaɗo da ita da sunan NOUN, daidai lokacin da wayar salula, wadda ta shigo a 2001, ta fara bazuwa. A ganina wayar ce ta raya ta fiye da kowace doka. Littattafan darussa da a da ake bin layi a karɓa a cibiyar karatu suka koma intanet, kowa ya sauke kyauta. Aikin gida da jarrabawa da dama suka koma kan kwamfuta. Shi kansa Obasanjo ya shiga sahun ɗalibanta, har ya yi digirin digirgir bayan ya sauka daga mulki.

Sauran jami'o'i sun daɗe suna yi wa irin wannan karatu kallon hadarin kaji. Annobar korona ta 2020 ce ta rufe azuzuwa, ga kuma yajin aikin ƙungiyar malaman jami'o'i ta ASUU da ya ci kusan wata tara. Malaman da suka saba karanto tsohon rubutu ɗalibai na kwafa suka koma tura lacca da murya ta WhatsApp, wasu suka gwada Zoom.

Yanzu tambaya na isa ga malami cikin daƙiƙa. Jiran da ya rage na wuta ne da na data: ɗaliba a Gusau ta kai wayarta shagon mai caji da yamma, ta hana idonta barci har tsakar dare, lokacin da data ke araha, don ta sauke laccar da aka tura tun safe.