Tambayar da Sarkin Musulmi Bello Ya Yi wa Baƙonsa

'Yan uwa mazauna birane, a shekarar 1824 Bature Clapperton ya iso Sakkwato. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya tambaye shi ko mutanensa mabiya Nastur ne ko na Sosinus. Na farko sun rabu da sauran ikilisiya bayan taron Afisa na 431, na biyu kuwa sun ƙi aƙidar Triniti. Baƙon ya ce su 'yan Furotesta ne, ya kuma yarda cewa iliminsa bai kai zurfin tambayoyin ba.

Irin karatun gidan Shehu ke nan, wanda ya zauna a Sifawa, ƙasarmu ta Boɗinga: a san aƙidar mutum kafin a yi masa hukunci. Lalle mu gadar wa 'ya'yanmu wannan hali.